Arba'in da Ɗaya, Duk na Dama

Hannaye arba'in da ɗaya gare ni a kan kanta,
ban da biyun da aka haife ni da su.
Na gilashi ne. Kowanne ya tsaya a kan wuyansa,
ba kafaɗa, ba mai shi,
ya ɗaga ɗan tulun fure
kamar mai jiran a zuba masa wani abu.

Akwai fari fat kamar madarar da aka bari a ƙofa,
akwai shuɗi mai zobe a ɗan yatsa,
akwai wani kore da in na kashe fitila
na haska masa tocilan ɗin nan mai launin algashi
sai ya kama ci kamar idon kyanwa.
Wancan ja mai bakin leshi
fam uku na ba wata mata a Dudley,
ruwa na zuba, tana naɗe kayanta,
ba ta ma ɗago ta dube ni ba.

In na samu sabo, kifa shi nake fara yi.
A gindi cibiyar take,
tabon da sandar mai busawa ta bari ranar rabuwa.
Mai cibiya, mutum ya hura masa numfashi.
Marar cibiya, ƙarfe biyu suka matse shi,
ga layin haɗin nan ya bi ta gefen babban yatsa.
Ban ƙi shi ba. Shi ma na ba shi wuri.

Duk na dama ne.
Shekara talatin ina juya kwalaye a kasuwar tsofaffin kaya,
ina warware jaridun da aka naɗe su,
kullum dama, dama, dama.

Babana bahago ne.
Shekara arba'in a gaban tanderu nan Stourbridge,
a gindin doguwar hasumiyar bulo
da yanzu 'yan yawon buɗe ido ke ɗauka a hoto.
Malamin makaranta ya taɓa ɗaure masa hagun a kujera,
bai hana ba.
Da shi ya juya sanda, da shi ya yanka burodi,
da shi ya riƙe ni muka tsallaka titi,
tafin duk ƙuna, ba ya jin zafin butar shayi.

Ran wata Lahadi a filin Kinver,
bayan motar wani mutum mai suna Clifford,
tsakanin fitilar keke da cokula,
na gan shi.
Ba kyau gare shi ba. Ruwan toka, tulun ya tsage,
ɗan manuni ya gutsure a kai.
Na ƙirga yatsun daga babba, na sake ƙirgawa.
Hagu ne.

Clifford ya ce, "Ai ya fashe, uwa, ɗauki kawai."
Na ce a'a. Na ajiye masa fam biyar a kan cokulan.

Yanzu nawa hannayen sun fara gardama.
Gaɓoɓi sun kumbura, maɓallin riga ya zama aiki,
kofi na kaɗawa kafin ya iso baki.
Imelda, 'yar maƙwabta, ke zuwa ran Laraba
ta goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar safa.
Ta tambaye ni, "Winifred, wa za ki bar wa duk wannan?"
Na ce ta kula da mai zoben, yana da santsi.

Na hagun ba ya kan kanta.
Yana kan tebur kusa da gado, wajen ƙwayoyin magani.
Ba ya riƙe ruwa, saboda tsagar,
sai na sa masa busasshen reshe ɗaya.
Wani dare in barci ya ƙi,
nakan ɗora yatsuna a kan nasa.
Da sanyi yake farawa.
In na daɗe, sai ya ɗauki ɗumi,
ko da yake na san nawa ne.